Fayil Ya Ƙi Buɗuwa: Yadda Lissafin 'Yan Kasuwar Zongon Kwatano Ke Maƙalewa Tsakanin Manhajoji

Idan aka sallame azahar a babban masallacin Zongo da ke Kwatano, titi kan cika maƙil. 'Yan zemijan, wato acaɓa, masu rawayar riga suna kutsawa tsakanin jama'a, hayaƙin tsire yana tashi, masu canji suna ƙirga naira da sefa a tsaye. Hausa ake yi kamar a Kantin Kwari, sai dai a nan ta sha Faransanci, ta kuma saba da Dandanci da Zabarmanci da Fon.

A bayan shagunan akwai ƙananan ofisoshi da mai wucewa ba zai lura da su ba. Tebur ɗaya, fanka, tulin takardun kwastan, sai kwamfuta biyu. Ɗaya tsohuwa ce da ta iso cikin kwantena daga Faransa, ɗayar kuma daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas aka sayo ta.

A irin waɗannan ofisoshi ake wata fama da ba ta shiga jarida, amma tana cin kuɗi tana cin kwanaki. Maigida ya sayi sabuwar na'ura. Ɗansa ko yaronsa da ya yi boko ya zauna ya tsara masa rumbun bayanai a manhajar Microsoft Access, da gurbin sunan abokin ciniki, da na kaya, da na bashi. Aka kwashe fayilolin tsohuwar na'ura a filas, aka ce wa sabuwar ta ɗauka. Ta ƙi. Wani lokaci ko sunan fayil ɗin ba ta nunawa a cikin jerin abin da take karɓa.

Cikin wannan fayil kuwa akwai cinikin shekara goma ko fiye: wanda ya ɗauki buhunan shinkafa bai gama biya ba, motar da aka tura Maraɗi, kuɗin da aka ba direba a Malanbil, lambar kwantenar da aka fitar bara waccan. Tambayar maigida gajeriya ce, kuma tana da nauyi. Lissafinsa ne, da kuɗinsa aka rubuta shi, a ɗakinsa yake ajiye. To me ya hana shi ganin abinsa?

Daga malamin ayari zuwa filas

Sunan unguwar kansa daga zango ya fito, wato masaukin fatake. Tun kafin Turawa su shata iyakoki, ayarin Hausawa daga Kano da Sakkwato ke ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Nikki da Faraku da Jugu, su nufi Salaga a ƙasar Gwanja sayen goro. Ayari yana da madugu, yana da jagaba, yana kuma da malami wanda ke rubutu. Kasuwanci mai nisa bashi ne ƙashin bayansa, bashi kuwa sai da shaida.

Da tashar jiragen ruwan Kwatano ta bunƙasa, sai akalar fatauci ta juyo kudu. Nijar ba ta da teku, don haka kayanta da yawa a nan aka riƙa sauke su. Layin dogo ya tsaya a Faraku, kilomita kusan 440 daga gaɓa, sauran tafiyar kuma ta manyan motoci ce har Malanbil, a haye gadar Kwara a shiga Gaya. Daga can kaya su yi Yamai, ko su yi gabas zuwa Ƙonni da Maraɗi, wasu su gangaro Sakkwato da Katsina da Kano. Abin ya yi ƙarfin da har a Kano idan aka ce mota kwatano ce, kowa ya san ta hannu ake nufi.

Duk wannan a littafi ake riƙe shi a da, babban kundi mai kauri, wani da ajami wani da boko. Littafi yana da aibinsa: ruwa ya jiƙa shi, gara ta ci shi, gobara ta lashe shi. Amma yana da wata daraja da ba a lura da ita ba sai da aka rabu da shi. Duk wanda ya iya karatu zai buɗe shi ya karanta, ko bayan shekara arba'in, ba tare da ya nemi izinin wanda ya sayar da littafin ba.

Kwamfuta ta kawo sauri, ta kawo jimla cikin ƙiftawar ido. Sai dai ta shigo da wani na uku tsakanin mai dukiya da lissafinsa.

Kowace manhaja da harshenta

Fayil ba takarda ba ce da ido ke gani. Jerin alƙaluma ne, kuma manhajar da ta jera su ita ta san inda suna ya ƙare da inda adadi ya fara. Wannan jeri shi ake kira tsarin fayil. Ana gane shi da 'yan haruffan da ke wutsiyar suna, bayan aya.

A tebur ɗaya a Zongo za a iya tarar da harsuna biyar ko shida. Tsofaffin manhajojin sito na zamanin baƙin allo suna ajiya da tsarin dBASE, mai wutsiya DBF. Access ta da tana ajiya da MDB, ta kuma koma ACCDB tun fitowar 2007. Akantocin ƙasashen renon Faransa sun taso da Sage, wadda har yanzu wasu ke kira Saari, fayil ɗinta na lissafi MAE ne, na saye da sayarwa GCM. Ɗan uwansu na Najeriya kuma QuickBooks ya sani, ko Peachtree, ko Tally.

Akwai kuma wani da ya zama ruwan dare a wannan ɓangare: WinDev, kayan aikin wani kamfani na birnin Montpellier a Faransa. Da shi matasan masu rubuta manhaja a Kwatano da Lome da Yamai suka gina wa shaguna da kantunan magani da ofisoshin fito ƙananan manhajoji masu yawa. Bayanansa suna zama cikin fayiloli masu wutsiya FIC, tare da abokan tafiyarsu NDX da MMO. Access ba ta san su kai tsaye ba.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne Access tana manta abin da ta sani a da. Ta fito a 1992 da niyyar karɓar kusan kowane tsari na zamaninta. Fitowar 2010 ta daina karɓar Paradox da Lotus 1-2-3. Fitowar 2013 ta ajiye dBASE, har sai da ƙorafin masu amfani ya yi yawa aka mayar da shi a 2016. Tun daga 2013 ɗin kuma ba ta buɗe rumbun da aka gina da Access 97, wato 'yar gidansu. Wanda ya ajiye lissafinsa a can, dole ya nemo fitowar tsakiya, irin ta 2007 ko 2010, ya bi ta cikinta ya haye.

Sabbin tsare-tsare ma ba su tsira ba. PDF hoton shafi ne da aka yi don ido da na'urar buga takarda, ba tebur ba ne, kuma Access ba ta da ƙofar shigo da shi. Haka JSON, harshen da galibin shafukan intanet na yanzu ke musayar bayanai da shi. XML tana karɓa, amma idan bayanin mai rassa ne sai ta yayyanka shi gida-gida, a rasa wane kaya ne na wace takarda.

Me ya taso da zancen yanzu

Matsalar tsohuwa ce, amma abubuwa da dama sun haɗu cikin 'yan shekarun nan suka tono ta.

Na farko haraji. Tun wajen 2020 hukumar haraji ta Benin ta wajabta takardar ciniki mai lambar tantancewa, wadda ake fitarwa ta na'urar MECeF ko ta shafinta na intanet, e-MECeF. Kowace takarda tana ɗauke da lambar harajin mai sayarwa, wato IFU, da tambarin da ake dubawa da waya. Tsohuwar manhajar da ba ta iya magana da wannan tsari ba, sai dai a gyara ta ko a sauya. Sauyawa kuwa na nufin ƙaura da kaya.

Harkar fito ma ta koma intanet. Ana shigar da bayanan kwastan ta na'ura, ana bin takardun shigo da kaya ta GUCE. Banki da MTN MoMo da Moov Money duk suna ba da bayanin shige da fice, sau da yawa a PDF. Kowane ɗayansu yana tofa nasa fayil, ɗan kasuwa kuma yana son ya ga komai a wuri ɗaya.

Sai iyakoki. Najeriya ta hana shigo da motoci ta ƙasa daga Janairun 2017, ta rufe iyakokinta a Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka toshe gadar Malanbil, kuma ko da ECOWAS ta janye takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren, kaya da yawa suka karkata ta Lome da Burkina Faso. Duk lokacin da ciniki ya tsaya cak, littafin bashi ake ɗaukowa. A irin wannan rana mutum ke gano cewa littafin nasa yana cikin na'urar da ta daina tashi.

A ƙarshe, a ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina kula da Windows 10 da Office 2016 da 2019. Na'urorin ba su mutu a ranar ba, amma sauyin na'ura ya ƙaru, kowane sauyi kuma da nasa rikicin fayil.

Wanda ya buɗe ya fi wanda ya ƙi haɗari

A nan nake so mai karatu ya tsaya tare da ni, domin nan ne asarar gaske take. Fayil ɗin da ya ƙi buɗuwa ya faɗa maka gaskiya, ka san akwai matsala, za ka nemi mai gyara. Wanda ya buɗe lami lafiya, alhali adadin cikinsa ya canza, shi ne macijin ƙaiƙayi.

Hanyar da kowa ke bi idan manhajoji biyu ba sa jin juna ita ce a sauke bayanan zuwa CSV, wato tsurar rubutu, kowane layi ciniki ɗaya, an raba gurabe da wata alama. Dabara ce mai kyau. Sai dai alamar ba ɗaya ba ce a duniya, kuma Zongo tana zaune ne daidai inda al'adun biyu suka yi karo.

Kwamfutar da aka saita da Turanci waƙafi take sawa tsakanin gurabe. Wadda aka saita da Faransanci waƙafi mai ruwa take sawa, domin a wurinta waƙafi aikinsa raba cikakken adadi da ɓurɓushinsa. Fayil ya fito daga ta Ikeja ya shiga ta Faransa, sai duk layin ya dunƙule a gurbi ɗaya. Wannan ma da sauƙi, ido yana gani.

Ga wanda ido ba ya gani. Abokin ciniki a Kano ya rubuta 1,500 yana nufin dubu da ɗari biyar, na'urar Faransanci ta karanta ɗaya da rabi. Akanta a Kwatano ya rubuta 1.500 yana nufin dubu da ɗari biyar ɗin dai, na'urar Turanci ta karanta ɗaya da rabi. Wani ya rubuta 12 500 000 da tazara tsakanin alƙaluman, yadda aka koya masa a lakwal, sai Access ta ɗauke shi a matsayin rubutu, ta bar gurbin fayau, ta jefa bayanin kuskuren a wani tebur na gefe da ba kowa ke buɗewa ba. Jimla ta fito, tana da kyan gani, amma miliyan goma sha biyu da rabi ba sa ciki.

Kwanan wata ya fi wannan sharri. A Benin da Nijar da Najeriya, 03/04/2025 uku ga Afrilu ne. Na'urar da ta zo da saitin Amurka za ta ce huɗu ga Maris. Ranakun da suka haura sha biyu ba sa juyuwa, tunda babu wata na sha uku, don haka rabin fayil daidai ne, rabi a birkice. Ga mai bin bashi da wa'adi, ko mai ƙirga kwanakin da kwantena ta yi a tasha, wannan gardama ce a shirye.

Ga kuma abin da na'ura ba ta taɓa ji ba. A bakin ɗan Maraɗi, dala ɗari sefa 500 ce, jaka kuma sefa 1,000. Idan yaron shago ya shigar da adadi yadda aka faɗa masa, ba tare da gurbin da ke nuna da me aka ƙirga ba, bayan shekara biyar babu mai iya rantsewa. Haka naira da sefa. Sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 duk yuro ɗaya, naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta yi mummunar faɗuwa. Bashin da aka rubuta babu sunan kuɗi, babu farashin canji na ranar, ya zama abin da kowa zai fassara yadda ya fi masa.

Sifilin da ya ɓace

A ranar 30 ga Nuwambar 2024 hukumar sadarwa ta Benin, ARCEP, ta mayar da lambobin waya daga alƙaluma takwas zuwa goma, aka ƙara 01 a gaban kowace lamba. Mutane suka sha aikin gyara wayoyinsu. Abin da ba a yi zancensa sosai ba shi ne abin da ya sami rumbunan shaguna.

Excel da Access, idan suka ga gurbi cike da alƙaluma, sai su ɗauka adadi ne na lissafi. A lissafi kuwa sifilin farko ba shi da amfani, sai su yar da shi. Lambar da ta fara da 01 ta koma mai alƙaluma tara, ba ta kiran kowa. 'Yan Najeriya sun daɗe da sanin wannan ciwo, domin lambobinsu masu alƙaluma sha ɗaya da sifili suke farawa. Abin da ya ci Doma ya iso Awe. Ga kuma tsoffin manhajojin da aka gina gurbin wayarsu da alƙaluma takwas cif, waɗanda ko dai su ƙi sabuwar lamba ko su gutsure mata wutsiya.

Lambar IFU alƙaluma sha uku ce. Excel idan ya ga adadi mai tsawo haka yakan taƙaita shi, ya nuna wani abu mai kama da 3,2E+12. A kan allo kawai, ainihin lambar tana nan. Amma da zarar an adana fayil ɗin a CSV, abin da ke kan allo shi ake rubutawa, sauran alƙaluman sun tafi ke nan, ba sa dawowa. Mutum ya buɗe fayil don ya leƙa kawai, ya danna adanawa bisa sabo, ya lalata lambar harajin abokan cinikinsa gaba ɗaya. Microsoft ya ƙara maɓallin hana irin wannan shisshigi a 2023, sai dai kwafin da ke yawancin ƙananan ofisoshi ya girmi wannan gyara.

Mutum ɗaya, suna huɗu

Harafi ma yana da nasa rikicin. Tsarin UTF-8 yana ɗaukar haruffan kowane harshe, amma tsoffin na'urori da wani tsari suke aiki, na Turai ta yamma. Idan aka karanta ɗaya da idon ɗaya, Sèmè ta koma SÃ¨mÃ¨, Maraɗi ta koma MaraÉ—i. Idan kuma aka adana da tsohon tsarin, haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, alamar tambaya ce ke maye gurbinsu. Wannan ya sa da yawa suka haƙura da lanƙwasar ɗungurungum, abin da ni dai nake ganin rashi ne ga harshen, ba ga lissafi kaɗai ba.

Ko haruffa sun tsira, rubutun suna yana nan. Takardar Nijar ta ce Ousmane, ta Najeriya ta ce Usman. Aboubacar da Abubakar, Issoufou da Yusuf, Chaïbou da Shu'aibu, Elhadj da Alhaji. Maigida ya san mutum ɗaya ne, ya san ubansa, ya san unguwarsu. Na'ura kuwa mutum huɗu take gani, kowanne da ɗan guntun bashinsa. Babu manhajar da za ta haɗa su daidai sai wanda ya san mutanen ya zauna kusa da mai bugawa.

Kada wani ya ce wannan ciwon talaka ne. A Oktoban 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta amsa cewa sakamakon gwajin korona kusan 16,000 ya salwanta daga ƙididdigarta. Dalili? Ana zuba fayilolin CSV na ɗakunan gwaji cikin tsohon tsarin Excel wanda layukansa ba sa wuce 65,536, abin da ya haura sai ya zube, babu ƙararrawa babu gargaɗi. Masu cutar sun sami sakamakonsu, amma an yi jinkirin neman waɗanda suka yi cuɗanya da su.

Kowa da hujjarsa

'Yan kasuwa suna ganin an yi musu ƙulli. Ƙorafinsu shi ne sun biya kuɗin manhaja, amma ranar da suka so barinta sai aka ce fayil yana da kalmar sirri, mai kalmar kuma ya koma Abidjan ko Kanada, ko ya sauya waya, ko yana nan amma sai an sake biya. Wasu na kiran wannan garkuwa da dukiya, kuma ban ga laifinsu ba.

Masu rubuta manhaja suna da tasu amsar, wadda ita ma ba ta rasa gaskiya. Sukan ce sun yi wata uku suna aiki, aka biya su rabi, washegari aka kwafi manhajar aka raba wa shaguna biyar na dangi. Kulle fayil shi ne kaɗai makamin da ya rage musu. Sukan ƙara da cewa rumbun da aka bari a buɗe, yaron shago mai dogon hannu zai shiga ya goge bashin abokinsa, a dawo a ce manhaja ce ta lalace.

Akantoci doka suke kallo. Benin da Nijar suna cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, sabon tsarin lissafinta ya fara aiki a Janairun 2018, kuma ƙa'ida ita ce a adana littattafai da takardun shaida shekara goma. Shekara goma ta fi rayuwar yawancin kwamfutoci. Dole kuma a rufe lissafin shekara cikin wata huɗu, shi ya sa Afrilu ne watan da ake yawo da filas ana neman mai ceto, ana fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma waɗanda matsalar ta zama musu abinci: matasa maza da mata masu sake buga bayanai da hannu, layi bayan layi, daga takardar da aka buga. Aiki ne na halal, wani lokaci ma shi ne mafita ɗaya tilo. Amma hannu yana gajiya, ido yana tsallake layi, lambar shasin mota kuma haruffa da alƙaluma sha bakwai ce.

Nawa ra'ayin, hujjar mai manhaja ta tsaya a kan manhajarsa. Yana da iko ya kare guminsa, ya hana a kwafe shi. Bayanan da ke ciki ba nasa ba ne, amana ce. Tela yana iya riƙe riga sai an biya shi ɗinki, amma ba ya riƙe mai rigar.

Wata hanya da ta fara yaɗuwa tana ba ni tsoro: a ɗora fayil a wani shafin intanet na kyauta ya juya shi. Sau da yawa yana aiki. Sai dai abin da aka ɗora sunayen mutane ne da lambobinsu da bashin da ake bin su, aka miƙa wa wanda ba a san ko wane ne ba. Dokar harkokin na'ura da intanet ta Benin, ta Afrilun 2018, ta ɗora wa mai tara bayanan mutane alhakin kare su, akwai kuma hukumar APDP da ke sa ido. Ko babu doka, asirin abokin ciniki ba abin watsawa ba ne a tarbiyyar kasuwar Bahaushe.

Yadda masu hannu ke yi

Waɗanda suka ƙware a wannan aiki ba su da gaggawa. Kafin komai sukan yi kwafi biyu, su ajiye asali a gefe ba a taɓa shi. Sukan hana a sayar da tsohuwar kwamfuta ko a goge ta, domin manhajar da ta rubuta fayil ita ta fi kowa iya fitar da shi, kuma galibinsu suna da wata ƙofar fitarwa zuwa rubutu ko Excel da mai shago bai taɓa dannawa ba.

Idan babu ƙofar, sai a nemi tafinta. Akwai wata gada da ake kira ODBC, wadda WinDev da Sage duk suna da tasu, Access kuma tana iya hawa ta ɗebo bayanai. Tsoffin fayilolin DBF kuwa LibreOffice, wadda kyauta ce, tana buɗe su, tana ma tambayar da wane tsarin haruffa za ta karanta, abin da ke ceto sunayen da aka rubuta tun zamanin baƙin allo.

Wajen shigarwa ba sa barin na'ura ta yi zato. Access layukan farko kaɗan take dubawa ta yanke hukunci a kan gurbi gaba ɗaya, don haka su suke gaya mata da kansu: wannan alama ce ke raba gurabe, rana ce ke gaba da wata, lambar waya da IFU da lambar kwantena duk rubutu ne, ba abin tarawa ba. Wasu ma komai a matsayin rubutu suke fara zubawa a wani teburin wucin gadi, su tsabtace shi a can, sannan su wuce da shi ciki.

Masu wayo a cikin 'yan kasuwa kuma sun fara sa sharaɗi tun ranar ciniki. Kafin su biya, mai manhaja zai nuna musu da hannunsa yadda ake fitar da komai zuwa CSV, ya rubuta kalmar sirri a takarda a ajiye a akwatin maigida. Duk ƙarshen wata a fitar da kwafi, duk ƙarshen shekara a buga jerin bashi a takarda.

Mataki na ƙarshe ba na na'ura ba ne. Ana ƙirga layukan da suka fito da waɗanda suka shiga, a tara jimlar bashi a tsohuwa a tara a sabuwa, idan sun saɓa ko da dala ɗaya ce ba a tashi ba. Daga nan sai maigida ya jawo kujera, ya sa tabarau, ya buɗe tsohon kundinsa a cinya. Yaro yana karanto suna da adadi daga allo, Alhaji yana bi da yatsa. Inda suka dace ya gyaɗa kai. Inda sunan ya rabu biyu ya ce a haɗe, ɗan wane ne na Tasawa, shi ya saukar da shi a gidan nan shekarar da aka rufe iyakar Seme. Haka za su yi ta yi, shafi bayan shafi, har ladanin Zongo ya kira magariba, a sa takarda a inda aka tsaya.